Lokacin da gidan rediyo ke rufe tasha ya tafi barci

Daren shekaranjiya barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya wai zan duba abu ɗaya in ajiye, kun dai san halin, daga wannan shafi zuwa wancan har na tsinci kaina a wani rumbu na BBC da suke kira Genome. Abun da suka yi shine sun kwaso jadawalin shirye-shiryensu kaf da aka buga a mujallar Radio Times tun daga 1923 har 2009 sun zuba a intanet, duk ranar da ka ga dama ka danna sai ta buɗe maka, ƙarfe kaza an sa kaza, wane ya yi jawabi, ƙungiyar makaɗa kaza ta yi kiɗa. Ni kuma da shegen son tone-tone sai na faɗa cikin shekarun 1950, in buɗe wannan rana in rufe waccan, ban farga ba sai da idona ya fara yaji.

Rubutu ne fa zalla, amma wallahi idan ka bi rana guda daga sama har ƙasa sai ka ji kamar kana leƙa gidan mutane ta taga. Kana ganin lokacin da maigida ya fita aiki, lokacin da aka bar uwargida da wanke-wanke, lokacin da yara suka dawo daga makaranta, har lokacin da ake son kowa ya kwanta. Kamar tela ne ya auna rayuwar mutanen Ingila ya ɗinka mata riga, kuma telan nan irin mai taurin kan nan ne da ba ya tambayarka ɗinkin da kake so, shi ya san wanda ya dace da kai.

Tashoshi uku ne a lokacin, duk na BBC, babu wani gidan rediyo mai zaman kansa a ƙasar, babu talla ko ɗaya. Kuɗin lasisin mallakar rediyo ake biya, fam 1 a shekara tun daga 1946, kafin nan sule 10 ne. Akwai Home Service da aka buɗe a 1939 daidai barkewar yaƙin duniya na biyu, ita ce ta labarai da jawabai da shirin makarantu da wasan kwaikwayo. Akwai Light Programme da ta zo a watan Yulin 1945, ta nishaɗi, kiɗa da barkwanci, kuma nan mafi yawan jama'a suka tare. Sai ta ukun da sunanta ma kenan, Third Programme, Satumba 1946, wannan ta 'yan boko ce masu kai, ba ta ma tashi sai ƙarfe 6 na yamma. Shugaban BBC na lokacin, William Haley, yana da wani lissafi a kansa, wai abun kamar dalar gyaɗa ne, mutum zai fara daga gindi da Light, kunnensa ya goge ya hau Home, a ƙarshe ya ƙare a ƙololuwa yana sauraron Third. Toh mutane dai ba su hau ba. Suka yi zamansu a gindin dala suna jin kiɗansu.

Kafin ma ka ji komai sai ka jira akwatin. Na taɓa tsayawa a kan irin rediyon nan wurin wani mai gyara, katako ne mai ƙyalli, girmansa ya kai ƙaramar durowa, ya murɗa makunnin ya ce min in yi haƙuri. Shiru. Sai fuskar gilashin ta kawo wani haske ja-ja, ta baya kuma ka hango ƙwayayen gilashin da ke ciki sun fara ɗaukar zafi kamar garwashi, sai wani gurnani ƙasa-ƙasa, sannan murya ta taso a hankali kamar mai fitowa daga rijiya, har da wani warin ƙura mai ɗumi. A jikin gilashin an jera sunayen garuruwa, Hilversum, Droitwich, Athlone, Luxembourg, kana murɗawa allura na tafiya a kansu. Gidajen da babu lantarki kuma batir ne mai ruwa da sai an kai caji. Irin wannan abu ba ka yawo da shi, wuri guda yake a falo, kai ne za ka zo inda yake. Ƙaramar rediyon tiransisto da ake sawa a aljihu sai 1954 ta fara fitowa kasuwa a Amurka, kuma ta ɗau shekaru kafin ta zama ta kowa.

Da sassafe, wajen 6:30, Home ke buɗewa. Kiɗa mara nauyi, hasashen yanayi, labarai. Kafin labaran akwai ƙarar nan guda shida, ƙit ƙit ƙit, da aka fara turowa daga Greenwich a 1924, da ita mutane ke saita agogo, har yau ba a daina ba. Saura minti 10 ƙarfe 8 sai gajeren wa'azin Kirista na minti 5, da hantsi kuma 10:15 akwai ibadar kullum da aka fara tun 1928. Abun da ya ban mamaki shine babu shirin safe irin wanda muka saba yanzu, na a kira minista a titsiye shi kafin ya karya. Shirin Today da ya shahara da wannan sai Oktoba 1957 aka fara shi, kuma farkonsa ma sanyi-sanyi ne.

Wajen ƙarfe 9, maza sun fita, sai Light ta buɗe da zaɓi sonka na matan gida, Housewives' Choice, ki rubuto kati ki ce a sa miki faifai kaza, mai gabatarwa ya karanta sunanki da garinku. Daga 1946 har 1967 ana yinsa. Daga nan 10:30 sai wanda ya fi burge ni, Music While You Work. Tun Yunin 1940 aka ƙirƙiro shi saboda ma'aikatan masana'antu lokacin yaƙi, rabin awa na kiɗa babu tsayawa babu surutu, ana saka shi ta lasifika a saman injina, da la'asar a sake wani. Kuma an gindaya wa makaɗan dokoki, kar kiɗa ya yi sanyi ma'aikata su fara gyangyaɗi, kar ya yi zafi su rikice, sauti ya tsaya daidai wa daida yadda zai ratsa ƙarar inji. Akwai ma waƙar da aka hana sawa saboda tana da wurin tafi, ma'aikata sai su riƙa buga guduma da sifana a jikin inji suna bin tafin. Kaga wanda ya zauna ya hango wannan ai ya san aikinsa. Da rana kuma wasu ranakun a ɗauki mawaƙa da 'yan barkwanci a kai su kantin cin abincin wata masana'anta a watsa kai tsaye daga can.

Yanzu bari in faɗi abun da na fi daɗewa ina juyawa, maganar kiɗan. Mu da muka taso da kaset da sidi da waya mun ɗauka gidan rediyo faifai kawai yake juyawa. Ashe a lokacin yawancin kiɗan da ke fita mutane ne a zaune a situdiyo da gogensu da ƙahonsu da piyano suna kaɗawa a daidai wannan minti. Dalili kuwa akwai yarjejeniya tsakanin BBC da kamfanonin faifai, ƙungiyar makaɗa kuma na tsaye a kai, an ƙayyade awowin da allurar garmaho za ta taɓa faifai a mako, su kamfanoni na tsoron in ana ji kyauta ba za a saya ba, su makaɗa na tsoron faifai ya cinye musu abinci. Shi yasa BBC ta zama babbar uwar ɗakin makaɗa a ƙasar, tana da ƙungiyoyi nata na kanta birjik, a Landan da Manchester da Glasgow da Cardiff da sauransu. Babbar cikinsu BBC Symphony Orchestra an kafa ta a 1930, Adrian Boult ya ja ta shekara 20, Malcolm Sargent ya karɓa a 1950. Idan ka bi jadawalin sai ka ga duk wani gurbi na minti 20 ko 30 an cusa wani, yau mai organ na gidan silima, anjima badujalar sojoji, can kuma wata mata ita kaɗai da piyano. Da rani kuma ga Proms, bikin kaɗe-kaɗe na shekara-shekara, kusan kullum da dare daga zauren Royal Albert Hall, inda aka koma bayan bom ya ƙone Queen's Hall a 1941. Ka yi kuskure ya fita kenan, duk ƙasa ta ji, babu a sake.

Saura kwata ƙarfe 2, an gama cin abincin rana, sai minti 15 na 'yan ƙanana waɗanda ba su shiga makaranta ba, Listen with Mother, 1950 aka fara, mai ba da labarin takan tambayi yara ko sun zauna daram, sannan ta ce toh bari ta fara. Ƙarfe 2 daidai Woman's Hour. Wannan tun Oktoba 1946 yake kuma har yanzu yana nan da ransa, abun dariyar shine wanda ya fara gabatar da shirin matan namiji ne. An sa shi ƙarfe 2 ne bisa lissafin cewa uwargida ta gama aikin safe kuma yara ba su dawo ba, ta samu ta ɗan miƙe ƙafa. Kaga telan nan dai. Bai taɓa kawowa a ransa wata na ofis ko tana son jin muhawarar siyasa da wannan lokaci ba, ko da yake a yi musu adalci, shirin ya taɓo maganganun lafiyar mata da a lokacin ake jin nauyin faɗa a rediyo, har manyan gidan suka riƙa tsuke fuska.

Ƙarfe 5 na yara ne, 6 labarai, 6:45 kuma The Archers, wasan kwaikwayon ƙauye na minti 15 da ya fara fita duk ƙasa ranar 1 ga Janairu 1951. Asalinsa dabara ce ta koya wa manoma noman zamani a lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin abinci bayan yaƙi, sai a saka shawarar taki ko ta kiwon alade a bakin ɗan wasa. Mutane suka bar taki suka kama soyayyar da ke ciki. Ranar 22 ga Satumba 1955, daren da aka buɗe ITV, talabijin ta farko mai talla a ƙasar, sai marubutan suka kashe wata amarya da jama'a ke so a gobarar bargar dawaki. Miliyoyi suka saurara, washegari jaridu maganar mutuwarta suke, an shafa wa sabuwar tasha toka a ranar bikinta. Wasan nan har yau ana yi, shekara 70 da ɗoriya.

Sai dare, kuma nan ne jawabai suke, abun da turawan ke kira talk kawai. Mutum ɗaya, makirufo ɗaya, minti 15 ko 20 ko rabin awa, babu kiɗa a ƙasa, babu mai yi masa tambaya, babu kiran waya. Masani ne ko matafiyi ko likita ko marubuci, ya zo ya yi magana a kan abu guda ya tafi. Kuma kowace kalma a rubuce take. Hilda Matheson, wadda ta fara riƙe sashen jawabai a 1927, ita ta gano cewa idan farfesa ya kawo maƙalarsa ya karanta a rediyo kashe mutane yake da barci, dole a rubuta abun yadda baki ke magana, kamar kana yi wa mutum ɗaya hira a ɗakinsa. Saboda haka furodusa zai zauna da kai a bi rubutun layi-layi, a yanke doguwar jimla, a cire kalmar da ke harɗe harshe, a gwada da agogo a hannu, in ka wuce da minti ɗaya a datse. Ran watsawa a kai ka wani ɗan ɗaki a Broadcasting House, hedikwatar BBC a Landan, akwai ma wanda aka ƙawata kamar ɗakin karatun gida don kar baƙo ya tsorata, a gargaɗe ka kar takarda ta yi ƙara, in ka gama shafi ka zame shi gefe a hankali. Jar fitila ta kama. Daga nan kai da Allahnka. Ka yi tunanin dattijon da ya shekara 30 yana koyarwa a jami'a, ga shi yana zufa gaban wani ƙarfe, yana ƙoƙarin karanta rubutu yadda ba za a gane karantawa yake ba. Waɗanda suka yi kyau kuma a buga su a mujallar The Listener, wadda ta rayu daga 1929 zuwa 1991.

Kar ku ɗauka ƙananan maganganu ake. A irin wannan jawabi ne a Third, cikin Maris 1949, masanin taurari Fred Hoyle ya fara furta Big Bang, sunan da duniya ke kiran ra'ayin nan na farkon sararin samaniya da shi har yau, alhali shi Hoyle ɗin bai ma yarda da ra'ayin ba. Laccocin Reith, da aka sa wa sunan John Reith shugaban BBC na farko, an fara su a 1948 da masanin falsafa Bertrand Russell, a 1953 kuma Robert Oppenheimer, mutumin da ya jagoranci ƙera bom ɗin nukiliya, shi ya yi guda shida a kan kimiyya da fahimtar talaka. Ga kuma Alistair Cooke da wasiƙarsa daga Amurka, minti 15 duk mako, ya fara a Maris 1946 bai ajiye ba sai 2004, wasiƙa 2,869, ya rasu makonni kaɗan bayan ta ƙarshe yana da shekara 95.

Ita Third ɗin ma wani abun ce daban. Ba ta da labarai, ba ta da ƙa'idar ƙarfe kaza dole a yi kaza, in wasan kwaikwayo awa uku ne a bar shi ya ci awa ukunsa, in an gama kiɗa mai nauyi a ɗan yi shiru kafin a shiga wani abu. Wani lokaci har wasa da Faransanci ko Jamusanci suke sawa ba fassara. Masu sauraronta ƙalilan ne, 'yan barkwanci na yi mata shaguɓe, a 1957 aka zaftare mata awowi, manyan marubuta da makaɗa suka yi ca suka kafa ƙungiyar kare ta. Ni kam raina biyu a kanta. Wani gefen ina jin haushin girman kan, wasu 'yan Oxford da Cambridge sun zauna sun yanke cewa ga abun da ake kira wayewa, har da ɗan littafin dokoki da aka ba 'yan barkwanci a 1949 na irin raha da ba a yarda da ita ba, masu karanta labarai kuma duk lafazinsu iri guda ne na masu hannu da shuni, kai kafin yaƙi har kwat ɗin cin abincin dare masu sanarwa ke sawa da yamma alhali ba mai ganinsu. Ɗaya gefen kuma sai na tuna ɗan mahaƙin kwal a wani lungu da ubansa bai taɓa taka jami'a ba, da fam 1 ɗin nan dai da gidan ya biya zai iya murɗa allura ya ji Russell da bakinsa. Mutanen nan sun raina zaɓin talaka amma ba su raina ƙwaƙwalwarsa ba, mu kuma yanzu manhajojin wayarmu duk abun da ka so shi za su ƙara maka har ka ƙoshi ka gundura.

Na ce bari in gwada kaina. Laccar Russell ta farko tana nan a rumbun BBC da muryarsa, siririyar murya irin ta tsofaffin turawa, na kunna na kifa wayar na ce rabin awa ne ai ba komai. Minti 4 na yi. Minti 4 wallahi, sai ga hannuna ya juya waya yana duba saƙo ba tare da na aike shi ba. Na mayar na sake, a karo na uku ne na kai ƙarshe, shima sai da na tashi na tsaya bakin taga. Su a lokacin babu maɓallin mayarwa baya, in hankalinka ya tafi jimlar ta wuce kenan, sai dai ka jira The Listener.

Af, a wannan zamanin ne ma aka haifi sashen Hausa. 13 ga Maris 1957, minti 15 kacal, Aminu Abdullahi Malumfashi ya fara magana, amma wannan ɓangaren watsa shirye-shirye ne zuwa ƙetare, ta gajeren zango, ba ya cikin tashoshi ukun nan na cikin gida.

Ƙarfe 9 na dare Big Ben, babban agogon Landan, ya buga, labaran Home, wanda tun lokacin yaƙi ya zama kamar farilla a gidaje, a yi tsit har a gama. Bayansa jawabi ko kiɗa ko wasa. Can wajen 11 a Light wani ya karanta maka babi guda na littafi, shirin da aka fara a 1949, gobe a ɗora, sai kiɗan rawa mai taushi. A lokacin fa talabijin ta riga ta fara cin ƙasa, naɗin Sarauniya Elizabeth ranar 2 ga Yuni 1953 waɗanda suka kalla sun fi waɗanda suka saurara, zuwa 1958 masu lasisin talabijin sun zarce masu na rediyo zalla, daren da ada na rediyo ne ya koma hannun akwatin hoto. A 30 ga Satumba 1967 aka sauya wa tashoshin suna zuwa Radio 2 da 3 da 4, aka ƙaro Radio 1 don matasa.

Sannan a rufe. Wannan ne abun da na kasa sabawa da shi a jadawalin, ka gangaro ƙasan shafi sai ka ga an rubuta rufe tasha, Home wajen 11, sauran zuwa sha biyun dare. Mai sanarwa ya yi sai da safe, a sa taken ƙasa, shikenan sai shuuu. Duk Ingila babu abun ji a tashoshin gida har gari ya waye. Samari masu ƙiriniya ne kawai tun da daren suke murɗa allura zuwa mita 208 su kamo Radio Luxembourg, mai talla da faya-fayan Amurka, sautin na zuwa yana tafiya kamar iska na wasa da shi.

Mafi yawan abun da ke cikin shafukan nan ba a naɗe shi ba. Kai tsaye ya fita ya bi iska, wanda aka naɗa a faifai kuma kowane gefe 'yan mintuna yake ɗauka, da tef ya zo yana da tsada sai a goge a sake naɗar wani abu a kai. Na tsaya a kan wani layi ƙarami tsakanin labarai da wasan kwaikwayo, sunan wata mata ne da ban taɓa ji ba, a gefensa an rubuta piyano, sai lokacin farawa. Na kwafi sunan na nema a intanet ko zan ji hannunta, shafin da na baro ne kawai ya sake fito min.